Dokokin Ɗa'ar Ɗalibai a Manyan Makarantu: Ina Ikon Makaranta Ya Tsaya?

Idan jami'a ko kwaleji ta liƙa sunayen ɗaliban da ta sallama a ƙarshen zangon karatu, labarin kan iso Funtuwa, Bakori, Ɗanja, Ƙafur da Malumfashi a dunƙule: an kori wane. Da wuya a sami wanda zai tsaya ya tambayi wace irin kora ce, a kan wane laifi, wa ya yanke hukuncin, ko an saurari yaron kafin a yanke. Nan take sai mutane su rabu biyu. Wasu su ce makaranta ba ta korar mutum haka kawai, tun da aka koro shi akwai abin da ya shuka. Wasu su ce zalunci ne tsagwaronsa, da ɗan wani ne da ba a taɓa shi ba. Duka ɓangarorin suna magana ne ba tare da sun ga kundin dokokin makarantar ba, kuma sau da yawa shi kansa ɗalibin bai taɓa buɗe kundin ba sai ranar da aka kira shi gaban kwamiti.

Maganar ta shafi wannan yanki na kudancin jihar Katsina kai tsaye. A Funtuwa akwai makarantar share fagen shiga Jami'ar Ahmadu Bello, ga kwalejojin koyon aikin mulki da na aikin lafiya. A Malumfashi akwai makarantar ungozoma ta jiha. Sauran 'ya'yan yankin suna Zariya, wadda ta fi Katsina kusa da Funtuwa, ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman a birnin Katsina. Da yawansu da kuɗin masara, dawa, waken suya da auduga ake yi musu rajista, don haka korar ɗalibin aji uku asarar damina uku ce ga gidansu. Matsayin wannan sharhi shi ne makaranta tana da ikon ladabtar da ɗalibanta, tana kuma bukatar wannan iko, amma abin da ke ba doka kwarjini abu uku ne: a san ta tun kafin a karya ta, a yi aiki da ita a kan kowa, a kuma saurari wanda ake tuhuma. Tsananin hukunci shi kaɗai bai taɓa gyara wata makaranta ba.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Dokokin ɗa'ar ɗalibai su ne ƙa'idojin da makaranta ta rubuta game da zaman ɗalibi a cikinta: halartar darasi, jarrabawa, sutura, zaman ɗakin kwana, kafa ƙungiya, mu'amala da malamai da abokan karatu. Ana tara su a ɗan littafin da ɗalibai ke kira hanbuk. A ranar bikin karɓar sababbin ɗalibai, wato matirik, kowa na yin rantsuwa ya sa hannu cewa zai bi su, kuma wannan sa hannun ne makaranta ke kafa hujja da shi daga baya. A al'adar jami'o'in Najeriya, ana ba da digiri ne ga wanda aka gamsu da halinsa da iliminsa, hali ma aka fara ambata.

Hanyoyin rabuwa da makaranta kuwa uku ne, kuma ba ɗaya suke ba. Ta farko ita ce janye ɗalibi saboda raunin karatu, abin da ake kira widiro. Wannan ba hukuncin laifi ba ne. Makinsa ne ya faɗi ƙasa da mizanin da aka gindaya, aka ba shi lokacin gwaji, bai farfaɗo ba. Mutuncinsa na nan, yana iya neman canjin fanni ko wata makaranta. Ta biyu ita ce dakatarwa zuwa wani ƙayyadadden lokaci, zango ɗaya ko biyu, wadda ɗalibai ke kira rostikeshan. Idan wa'adin ya cika ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Ta uku ita ce kora ta dindindin, wadda ke rufe ƙofa gaba ɗaya, tana kuma iya bin mutum idan ya nemi gurbi a wani wuri. Akwai kuma dakatarwar wucin gadi da ake yi yayin da ake bincike, wadda ba hukunci ba ce tukuna, ko da yake a wasu wuraren akan bar ta ta yi tsawo har ta zama hukunci a fakaice. Ƙasa da waɗannan akwai gargaɗi a rubuce, biyan diyyar kayan da aka ɓata, da fitar da ɗalibi daga ɗakin kwana.

Su wa ke yanke hukuncin? A jami'a, kwamitin ladabtarwa ke sauraren magana ya ba da shawara, sannan shugaban jami'a ko majalisar manyan malamai, wato sanet, su tabbatar. Sama da su akwai majalisar gudanarwa, wato kansil, kuma dokokin da suka kafa jami'o'in tarayya sun ba ɗalibin da aka dakatar ko aka kora damar ɗaukaka ƙara zuwa gare ta. Kwalejoji ma suna da makamancin wannan tsari. Iyaye da yawa ba su san da wannan ƙofa ba, shi ya sa idan abu ya faru sai su nufi gidan ɗan siyasa ko basarake neman alfarma, alhali takardar ɗaukaka ƙara guda ɗaya cikin lokaci za ta fi yi musu amfani.

Asalin dokokin

Bahaushe bai taɓa raba ilimi da tarbiyya ba. Uban da ya kai ɗansa makarantar allo ya danƙa wa malam karatun yaron da ladabinsa gaba ɗaya, ba ya kuma sa ran a dawo a tambaye shi kafin a hore shi. Kwalejin Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920, wadda daga baya ta koma Kaduna sannan Zariya ta zama Barewa, ta gaji tsarin makarantun kwana na Ingila, inda shugaban makaranta ke tsayawa a matsayin uba. Waɗannan gado biyu suka haɗu suka haifar da tunanin da har yau yake da ƙarfi a wajenmu, cewa abin da makaranta ta yanke ya zauna. Sai dai ɗalibin jami'a ba almajiri ɗan shekara bakwai ba ne. Mafi yawansu baligai ne masu katin zaɓe, wasu da aure da 'ya'ya, kuma makarantar gwamnati hukuma ce da doka ta kafa, tsarin mulki na sama da ita.

Yawancin dokoki masu tsauri da muke gani yau rikici ne ya haife su. Zanga-zangar ɗalibai ta 1978 kan ƙarin kuɗin abinci, lokacin da Kanar Ahmadu Ali ke riƙe da ma'aikatar ilimi, ta ci rayuka a Legas da Zariya, gwamnatin soja ta kuma haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa. Bayan shekara 8, a 1986, ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suka yi jerin gwanon tunawa da waɗanda aka kashe, jerin gwanon ya ratsa ɗakin kwanan mata wanda doka ta hana maza shiga. Hukumar jami'a ƙarƙashin Farfesa Ango Abdullahi ta hukunta shugabannin ƙungiyar ɗalibai, ɗalibai suka yi bore, a ranar 23 ga Mayu 'yan sandan kwantar da tarzoma suka shiga harabar jami'ar da ke Samaru, aka sake rasa rayuka. Gwamnatin Babangida ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Manjo Janar Emmanuel Abisoye, a 1989 kuma ta fito da dokar soja mai lamba 47 da ta taƙaita harkokin ƙungiyoyin ɗalibai. Abin lura a nan shi ne, dokar hana maza shiga ɗakin mata doka ce da babu mai hankalin da zai soke ta. Abin da ya rura wutar shi ne ɗalibai sun ɗauki hukuncin a matsayin dabarar murƙushe ƙungiyarsu. Ko sun yi daidai ko sun yi kuskure a wannan fahimta, rashin yarda da masu hukunci ya mayar da ƙaramar magana jana'iza.

A kudancin ƙasar, ƙungiyoyin asiri ne suka tilasta tsaurara doka, musamman bayan kisan ɗalibai 5 a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife a ranar 10 ga Yulin 1999. A Arewa kuwa abin da ya fi tayar da hankali shi ne shaye-shaye. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya, a shekarar ne kuma gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin.

Abin da kotu ta ce

Duk mai son fahimtar iyakar ikon makaranta sai ya san shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri. A watan Fabrairun 1983 aka yi tarzoma a jami'ar, aka ƙona dukiya, aka wawashe kaya, aka ci zarafin mutane. Jami'a ta kafa kwamitin bincike, ta kori wasu ɗalibai. Suka garzaya kotu, Gani Fawehinmi ya tsaya musu, magana ta kai Kotun Ƙoli, wadda a 1986 ta soke korar. Dalilanta biyu ne manya. Na farko, mataimakin shugaban jami'a da ya shugabanci kwamitin yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa, ba zai yiwu mutum ya zama mai ƙara kuma alƙali ba, sannan ba a ba ɗaliban cikakkiyar damar kare kansu ba. Na biyu, ƙone-ƙone da sata da duka laifuffuka ne na ƙasa, kotu ce ke da hurumin tabbatar da su a kan mutum. Haƙƙin da kotun ta dogara da shi yana nan a sashe na 36 na tsarin mulkin 1999, wato haƙƙin a saurari mutum bisa adalci.

Shugabannin makarantu sun daɗe suna kuka da wannan hukunci, kuma kukansu na da tushe. Suna cewa idan aka kama ɗalibi da wuƙa ko ƙwaya a ɗakin kwana, shin sai a bar shi cikin 'ya'yan mutane ana jiran shari'ar da za ta iya ɗaukar shekaru? Kotun Ƙoli ta amsa wani ɓangare na wannan a 2004, a shari'ar Esiaga da Jami'ar Kalaba, inda aka sami kayan da ake dangantawa da ƙungiyar asiri a ɗakin ɗalibi aka dakatar da shi. Kotu ta ce jami'a na da ikon dakatar da ɗalibi don kare zaman lafiyar makaranta kafin a kammala bincike. Ke nan hannun makaranta ba a ɗaure yake ba: tana iya raba mai haɗari da sauran ɗalibai yau ɗin nan. Abin da ba ta da iko a kai shi ne ta yanke wa mutum hukuncin ƙarshe ba tare da ta faɗa masa abin da ake tuhumarsa da shi ba, ta nuna masa hujja, ta ba shi lokaci ya shirya, ta kuma sa mutanen da ba su da hannu a rigimar su saurare shi. A 2014 ma Kotun Ƙoli ta goyi bayan tsofaffin ɗaliban Jami'ar Ilori da aka riƙe wa sakamako tsawon shekaru bayan rikicin ƙungiyar ɗalibai, ta nuna cewa kiran abu harkar cikin gida ba ya hana kotu dubawa idan an tauye haƙƙi.

Akwai masu cewa duk wannan tsari na Turawa ne, yana koya wa yara tsaurin ido, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amsar ita ce sauraren ɓangare biyu ba baƙo ba ne a wajenmu. Alƙalin Musulunci ba ya yanke hukunci sai ya ji mai ƙara da wanda ake ƙara, hujja na kan mai da'awa, kuma kafin ya rufe shari'a sai ya tambayi wanda hukuncin zai hau kansa ko yana da sauran magana. Mai unguwa ma idan aka kawo masa rigimar iyakar gona ba ya raba ta da jin bakin mutum ɗaya. Sannan wanda wannan tsari ya fi karewa shi ne ɗan talaka. Ɗan mai hali yana da wanda zai buga waya a madadinsa, yana da kuɗin lauya. Ɗan manomin Ɗandume ko Faskari ba shi da kowa a ofishin rajistara, rubutacciyar ƙa'ida ce kaɗai gatansa.

Satar jarrabawa

Wannan shi ne laifin da ya fi jawo kora, shi ne kuma ya fi nuna cewa tsanani kaɗai ba magani ba ne. Dokar soja mai lamba 20 ta 1984 ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga mai maguɗin jarrabawa. Maguɗi bai tsaya ba. Dokar 1999 da ta zo daga baya ta sassauta: wanda bai kai shekara 18 ba, tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba ko duka biyun, malami ko mai sa ido ko jami'in jarrabawa, shekara 4 babu zaɓin tara. Da wuya a ji an gurfanar da wani a ƙarƙashinta. Abin da ke hana ɗalibi shiga da takarda a aljihu shi ne tabbacin za a kama shi, kuma idan an kama shi babu wanda zai fitar da shi.

A nan dole a faɗi gaskiyar da ba ta da daɗi. Ɗalibai da yawa sun iso babbar makaranta ne daga cibiyoyin jarrabawar sakandare inda ake rubuta amsa a allo, da sanin iyaye, wani lokaci ma da kuɗinsu. Yaron da aka saya wa sakamako yana ɗan shekara 16 ya tashi da fahimtar cewa satar amsa taimako ce. Wannan bai wanke shi ba, kuma makarantar da ke horar da ungozoma ko ma'aikacin lafiya ba ta da damar sassauci, domin wadda ta ci jarrabawa da sata gobe ita za ta tsaya a kan mai naƙuda a asibitin ƙauye. Amma ya wajabta wa makarantu, musamman irin ta share fage da ke karɓar yara kai tsaye daga sakandare, su zaunar da sababbin ɗalibai su fayyace musu abin da ake ƙirgawa maguɗi. Ya kuma kamata kundi ya bambanta tsakanin wanda ya leƙa takardar maƙwabcinsa, da wanda ya shigo da waya cike da amsoshi, da wanda ya ɗauko sojan gona ya zauna masa. Idan hukuncin ukun ɗaya ne, masu sa ido masu tausayi sukan kau da kai ga ƙaramin laifi don kada su kashe rayuwar yaro, daga nan kuma doka ta fara mutuwa.

Sutura da abin da ya biyo ta

Kusan kowace babbar makaranta a Arewa tana da dokar sutura, kuma mafi yawan iyaye suna goyon bayanta. Babu laifi makaranta ta hana shigar tsiraici ko ta wajabta kayan aiki a ɗakin gwaji da asibiti. Matsala na tasowa ne ta fuska biyu. Ta farko, idan dokar ta tsaya a kan kalma mai faɗi kamar shigar banza ba tare da bayani ba, fassararta na komawa hannun mai gadin ƙofa, yau ya bar wannan ta wuce gobe ya tozarta waccan a bainar jama'a, kuma kusan kullum mata ne abin ke faɗawa kansu. Ta biyu ta shafi addini. A watan Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai Musulmi mata haƙƙin sa hijabi a makarantun gwamnatin jihar Legas, bisa sashe na 38 na tsarin mulki. An yi murna da hukuncin a Arewa, kuma ya cancanci murna. Sai dai sashen da ya kare Musulma a Legas shi ne ke kare Kirista 'yar Ƙafur ko Malumfashi, ko 'yar kudu da iyayenta suka daɗe a Funtuwa. Makarantar gwamnati na iya cewa kowa ya rufe jikinsa, ta faɗi iyakar rufewar dalla-dalla. Tilasta wa wani alamar addinin da ba nasa ba kuwa ya wuce huruminta.

Sababbin abubuwa ma sun shigo waɗanda tsofaffin kundaye ba su san da su ba: bikin rubuce-rubuce a jikin riga ranar gama jarrabawar ƙarshe, ɗaukar bidiyon abokin karatu a watsa a TikTok, zagin malami a zauren WhatsApp na aji. A 2025 ma'aikatar ilimi ta tarayya da hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka amince da fara gwajin ƙwaya ga ɗaliban manyan makarantu. Tambayar da ya kamata a amsa tun kafin a ɗebi fitsarin kowa ita ce, me za a yi da wanda gwajin ya kama? Idan kora ce kai tsaye, an mayar wa unguwa da ɗan ƙwaya wanda ba shi da sauran abin da zai rasa. Idan magani ne da sa ido, sai a tanadi masu ba da shawara da sirrin sakamako. Mai sayarwa a ɗakin kwana kuwa maganarsa daban ce, ta hukuma ce. Game da kafafen sada zumunta, ya kamata a raba cin mutunci da ƙazafi, waɗanda laifi ne, da ƙorafi kan rashin ruwa ko jinkirin sakamako, wanda haƙƙi ne da sashe na 39 ya kare. Makarantar da ke korar mai ƙorafi tana toshe wa kanta kunne ne.

Dokar ofis da rayuwar karkara

Yawancin manyan makarantun ƙasar nan suna sharɗanta halartar kashi 75 cikin ɗari na darussa kafin a zauna jarrabawa. Ƙa'ida ce mai ma'ana, amma an tsara ta ne da tunanin ɗalibin da ba shi da wani aiki sai karatu. A wannan yanki akwai ɗalibin da shi ne ƙarfin gonar gidansu, idan bai koma ya yi noman farko ya zuba taki ba, babu kuɗin rajistar baɗi. Yajin aikin malaman jami'a, irin na wata 8 da aka yi a 2022, ya birkita kalanda ta yadda ba wanda ya san ko jarrabawa za ta faɗo a tsakiyar damina ko lokacin kaka. Ba ana cewa a soke ƙa'idar ba ne, domin wanda bai zauna aji ba bai koyi komai ba. Ana cewa ne a buɗe sananniyar hanya ta neman izini ko jingine zango a rubuce, wadda ba sai ɗalibi ya san wani ba.

Rashin tsaro ya ƙara dagula lissafin. Tun sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disambar 2020, babu shugaban makarantar da ke barci da ido biyu a kudancin Katsina. A watan Satumbar 2023 aka kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen haya a Sabon Gida, a watan Oktoba kuma aka sace ɗalibai mata 5 na Jami'ar Dutsin-Ma daga gidan da suke haya a cikin gari. Saboda haka dokar rufe ƙofa da wuri, rataya katin shaida, hana baƙi kwana da hana taron dare duk suna da hujja mai ƙarfi, ɗalibin da ke ganin takura ce ya sake tunani. Amma abubuwan da suka faru sun tono wani giɓi. Ɗakunan kwanan makarantu ba sa ɗaukar ko kusa da yawan ɗaliban da ake ɗauka, mafi yawa suna haya a gari. Makarantu kan ce dokarsu na bin ɗalibi har gidan haya idan ya yi abin da zai ɓata musu suna. Idan aka zo maganar tsaronsa kuwa sai a ce ai ba a harabar makaranta yake ba. Wanda ya ɗauki ikon hukunci a wuri ya ɗauki wani kaso na alhakin wurin, ko da rajistar gidajen haya ce da haɗa kai da masu unguwanni da jami'an tsaro. Haka nan, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar a watan Satumbar 2021, ciki har da Funtuwa, Bakori da Malumfashi, an ga cewa sanarwar da aka sa a intanet kaɗai ba lallai ta isa ga kowa ba. Gayyatar bayyana gaban kwamiti ba ta cika ba sai an tabbatar ta shiga hannun mai ita.

Ɗaya ɓangaren kundin

Kundayen ɗa'a sun cika da abin da ɗalibi zai yi da abin da ba zai yi ba, amma kaɗan ne ke faɗa masa inda zai kai kuka idan malami ne ya zalunce shi. A ƙarshen 2018 kotu ta ɗaure wani farfesa na Jami'ar Obafemi Awolowo shekara 2 kan neman lalata da ɗaliba don ba ta maki, a 2019 kuma binciken BBC a jami'o'in Legas da Gana ya nuna yadda abin ya yi zurfi. Kada a ɗauka matsalar ta kudu ce kawai. A wajenmu kunya da tsoron ɓacin suna ne ke sa yarinya ta haɗiye, domin ta san idan magana ta fita aurenta za a fara taɓawa kafin aikin malamin. Ga tilasta sayen takardun darasi, ga ɓatar da sakamako, ga malamin da ba ya zuwa aji sai mako biyu kafin jarrabawa amma shi ne mai ƙirga halartar ɗalibai. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi, kuma ɗalibai suna gani. Babu abin da ke zubar da kwarjinin kwamitin ladabtarwa kamar sanin cewa hukunci ƙasa kawai yake gangarowa.

Gyaran da ake bukata bai fi ƙarfin kowace makaranta ba. A ba kowane ɗalibi kundin tun ranar rajista, a fassara muhimman sassansa da Hausa domin iyayen da ke biyan kuɗin su san abin da 'ya'yansu suka sa wa hannu. A rubuta tuhuma a takarda, a ba da kwanakin shiri, a sa wakilin ɗalibai a kwamiti, wanda ya kawo ƙara kada ya zauna cikin masu hukunci. A ƙayyade tsawon dakatarwar bincike, a kuma rubuta a jikin kowace takardar kora inda za a ɗaukaka ƙara da wa'adin yin hakan. A buɗe ofishin karɓar koke a kan ma'aikata wanda ba ya ƙarƙashin sashen da ake ƙara. Ma'aikatar ilimi mai zurfi ta jihar Katsina da majalisar dokokin jiha suna da ikon wajabta waɗannan a kan makarantun jiha, hukumomin tarayya masu ba da izinin kwasa-kwasai kuma suna iya sa su cikin sharuɗɗan da suke dubawa a makarantu masu zaman kansu da ke ta ƙaruwa a Funtuwa da kewaye. Ya kamata su yi hakan kafin a rantsar da sababbin ɗalibai na gaba.